Jakar Hotunan Wendell

Shauna ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan yara suna lafiya. Har yanzu ina otal ɗin da aka sauke mu bayan gobarar daji ta cinye garinmu. Asarar gidan na haƙura da ita, hotunan ne suke ci mini rai. Ko ɗaya na marigayi maigidana, kawunki Wendell, bai tsira ba, kuma Allah ya sani fuskarsa ta fara ɓace mini.

Jakar da kika buɗe a intanet don mutanen gari su zuba hotunansa, kullum sai na leƙa. Wayam! Mutumin da ya sha kwashe wa rabin unguwa dusar ƙanƙara a ƙofar gida, an ce babu mai hotonsa? Rufe ta kawai, na gaji.

Goggonki,
Darlene

Goggo,

Ina gaishe ki, yara ma suna gaisuwa. Don Allah kada ki yi fushi da kowa, shirmena ne. Tsohuwa Petrenko ta kira ni ɗazu tana faɗa: "Ke yarinya, kin ba mu jaka kin ɗinke bakinta? Tun yaushe muke fama!" Ashe izinin kallo kawai na ba su, ban ba su na zubawa ba. Na gyara yanzu. Leƙa ki gani.

Taki,
Shauna

Shauna,

Barka da ƙoƙari. Kai, jaka ta cika! Na yi dariya har da hawaye, wa ya bar ni na fita da wancan gashin? Sai dai duk ni ce a ciki, da ku, da 'yan coci. Na manta Wendell ne mai ɗauka a kowane taro. Da an ce ya shigo cikin hoton sai ya ce, "Wa zai riƙe kyamarar?" Na duba har ƙarshe, babu shi. Ki yi wa kowa godiya, sun yi iyakar yinsu.

Ki huta lafiya,
Darlene

Shauna,

Ina kwana. Maƙwabcinmu Gordon ya zuba wani bidiyo na ranar da muka je kamun kifi kan daskararren tafki. Nan ma kyamarar tana hannun Wendell, fuskarsa ba ta fito ba. Sai muryarsa tana cewa, "Darlene, juyo mana, kifin nan ya fi ki fara'a!"

Na juyo, Shauna. Ni kaɗai a ɗakin otal, na juyo.

Sai na ji daga gare ki,
Goggonki