Tsalle da Igiyar Shanya

Litinin, 3 ga Maris

Likita ta duba takardun gwajinmu, ni da maigidana Dogo, ta ce lafiyarmu lau. Shekara uku da aure babu ciki, wai lafiya lau! Sai ta tambayi yaushe rabona da motsa jiki. Na faɗa mata gaskiya: sati biyu a kowane wata ba na ɗaukar bokiti, ba na hawa bene da sauri, ko keken ɗinkina ba na takawa, kada abin da ya shiga ya zube. Ta cire tabarau ta dube ni. "Baiwar Allah, wa ya ce miki haka ake yi?" Ba kowa, ni na yanke wa kaina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhamis, 6 ga Maris

Tafiyar rabin awa da yamma, in ji ta, da jan numfashi a hankali. Na yi. Ina tafe ina ƙirga kwanaki. Wannan ai wani aikin ne kuma.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya ta kira. Da na ba ta labari dariya ta yi har da tari. "Ke? Ke da Inna ke ƙwace wa igiya?" Wallahi na manta. Igiyar shanyarmu shuɗiya, mu kwance ta mu ɗaura a ƙarfen taga, Yaya na kaɗawa. Sai in yi tsalle ɗari biyu ba ta taɓa ƙafata ba. Silifa a tsinke, gwiwa duk tabo, Inna na faɗa tana kwashe wankin da muka jibge a kujera. Lokacin jikina nawa ne, ba na zama ina gadinsa. Na yi kewar yarinyar nan. Na yi kewar Inna, Allah Ya jiƙanta.

Lahadi, 16 ga Maris

Dogo ya ce har ya manta rabon da ya ji dariyata a gidan nan. A hankali ya faɗa, shi ya fi yi min ciwo.

Laraba, 26 ga Maris

Na kwance igiyar shanya, na ɗaura a taga, na miƙa masa ɗaya bakin. Mutum sai tsawo, kaɗa igiya bai iya ba, sau biyu yana shauɗa min a ƙafa. Sha ɗaya na yi na zube ina haki. Shi bakwai, har da cika baki! Kuma yau cikin satin da nake lallaɓa jiki ne. Gabana ya faɗi daga baya, ba zan ɓoye ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Al'ada ta zo da safe. Na yi kukana a banɗaki, kaɗan. Da na fito na so in ce masa kaina ke ciwo, kamar kowane wata, sai kawai na ji na faɗa masa gaskiya. Muka zauna a bakin gado, ya riƙe hannuna, idonsa ya kawo ruwa. Ashe shi ma yana ƙirgawa, ni kuwa ban taɓa tambayarsa ba. Ɗinkin mutane na jirana, amma ban tashi daga bakin gadon ba sai da shi ya fara tashi.