Ƙofarmu Ba Zane Bana

Zuwa ga yayata Ramkanya, a Surat.

Ram Ram, ina gaishe ki, Yaya. Na durƙusa na taɓa ƙafafunki daga nan inda nake. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwa. Mu nan muna lallaɓawa. Ruwa ya ɗauke, gero ya yi kyau, sai dai wanda ya shuka shi ba ya nan. Har yau in na tuƙa abinci sai na tarar na zuba har da kwanon marigayi maigidana, baban Kajod.

Yaya, abin da ya sa na rubuto ba ƙarami ba ne. Diwali, bikin fitilu, ta matso. Kowane gida an yaɓe bango da kashin shanu, mata suna ta jiƙa farar ƙasa da ja, zanen ɗawisu ya cika bangon layinmu. Ƙofarmu kaɗai ce wayam, don gidan makoki ba ya mandana, zanen nan namu na biki. Ban yi gardama ba. Amma surukata Santra, matar ɗana Kajod, ta haɗu da wani ɗan kasuwa daga Jaipur mai son zanenmu a kan yadi, wai masu kuɗi suna ratayawa a falo. Ta ce mini yadi ba bango ba ne, makoki bai hana ba. Ta ƙara da tsokana, wai ni ko inuwata na gani sai na ce aljani ne. Na yi dariya na ƙyale ta, yarinya ce mai ciki wata bakwai, ba na son ɓata mata rai.

Sai ranar da mutumin ya zo ɗauka na ga abin da ta zana. Ba ɗawisu ba ne, Yaya. Sawun Uwa Lakshmi ne, allahiyar arziki, wanda Inna ta koya mana a yi a bakin ƙofa, yatsu suna kallon cikin gida don ta bi ta shigo. Na tsaya ina kallo aka naɗe su, aka fitar da su ta ƙofar nan, aka sa a mota. Da hannunmu muka raka ta waje.

Tun daga nan ɓaunarmu ta ƙi ba da nono. Santra ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, ta daina tsokanata, kuma wannan shirun ya fi komai tsorata ni. Kajod ya kai ta asibiti, an ce jininta ya hau, an ba ta magani tana sha. Ya ce in daina camfi. Amma jiya Santra ta kama hannuna ta ce yaron bai cika motsi ba kamar da.

Tsohuwa Bhuri maƙwabciyarmu ta ce 'yar uwa ta jini mai miji a raye za ta iya zana sawu biyu a ƙofar, ba laifi. Ba ni da kowa sai ke. Na san tafiyar da nisa, na san gwiwarki. Ki zo, Yaya. In ba ki iso ba kafin a kunna fitilu, ni zan zana da hannun nan nawa na gwauruwa, kuma ban san wa zai bi sawun ya shigo ba.

Ki gaida maigidanki yaya Harphool, da Kesanti da jaririnta, da Lali.

Ƙanwarki mai zuba ido a hanya,
Dhapu