Takardar da Ke Cikin Kwanonki na Ƙarshe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo ta Maijirgi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, ni ce Rabi. Yau kwana arba'in da biyu da rasuwarki.

Shekaranjiya muka sauke jerenki don rabon gado. A kwanon ƙarshe, wanda ba ki taɓa yarda a ci tuwo a ciki ba, na tarar da takarda ƙunshe cikin tsumma. Sunana ne a bayanta, ga hatimin jami'a. Inna, a buɗe take.

An ɗauke ni in je waje in ƙware a karatun hoton ƙirjin yara, wanda muke ce wa radiyo, in dawo in koyar. Wata ɗaya aka ba ni in amsa. Watan nan ya wuce da shekara talatin da ɗoriya.

Kin tuna shekarar. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, soja na mulki, ba mai iya cewa yunwa a fili. Ina ƙaramar likita a Tasawa, ina rakiyar yara masu tari har Maraɗi a ɗauki hotonsu. In ɗaga hoton a taga, in ga haƙarƙari kamar haƙoran matsefi. Nan na ƙudurta wannan karatun zan yi.

Mu biyu muka nema, ni da Salisu abokin karatuna. Shi amsarsa ta zo. Ni kuwa na yi ta sintiri wurin Kawu Idi, mai akwatin gidan wayar da na bayar a matsayin adireshina, har ƙafata ta san hanyar. Yau Salisu farfesa ne. Ɗalibansa na zuwa in nuna musu abin da idonsu ya tsallake, su yi godiyar baki su tafi.

Shekara talatin ina tsine wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A taro na sha miƙewa in ce an hana ni ne don ni mace ce. Ashe gaskiya nake faɗa, ƙofar da nake bugawa ce ba ita ba.

Jiya na tsare Kawu. Ya tsufa, bai yi musu ba. Shi ya kawo miki takardar a amalanke, shi ya karanta miki. Ya ce da ya gama, sai kika ce: "Namiji ke tafiya cin rani, mace tsaron rumbu take." A makon da ta zo kika sa wa Yaya Musa albarka ya tafi, bai dawo ba sai bayan shekara shida, hannu rabbana.

Rumbun kuwa wayam yake, Inna. Buhun geron da nake kawowa shi ya riƙe ki da ƙannena huɗu. Maƙwabta sun binne yara a wancan ranin, mu ba mu binne ko ɗaya ba. Na sani. Amma da kin tambaye ni mana. Wataƙila da na zauna da kaina. Abin da ke cina ke nan, ba zan taɓa sani ba.

Kuma ba ki ƙone takardar ba, ga murhu a gabanki kullum. Kin ajiye ta inda ba a taɓawa sai ranar da babu ke, kin san ni zan sauke.

Saura wadda ta fi ba ni tsoro. 'Yata Hajo, jikarki kuma takwararki, ta samu irin takardar nan. Makon jiya da bakina na ce ta dakata, ba ta yaye ɗanta ba, mijinta zai ce me. Ni, Inna, da na yi boko!

Yau da hantsi na kira ta. Na ce ta amsa kafin azahar, yaron ni zan goya.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makoma. Ni ma ya ba ni ikon yafewa, don har yanzu ban gama ba.

'Yarki mai tsaron rumbu,
Rabi