Jirgin da Ya Faɗo wa Gayyar Yayana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da ke ba matuƙan ƙananan jiragen sama izinin tashi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, ranka ya daɗe, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Dutsi, ta wajen Daura. Karatuna bai yi nisa ba, abin da na gani kawai zan faɗa.

Na farko. A daminar bara muna gayyar noma a gonar yayana Habu, gajimare ya rufe sama ruf. Na ji ƙarar jirgi a bayansa, yana kewaya wuri ɗaya kamar saniya a turke. Na yi magana, ganga ta danne muryata. Gajimaren na ɗan tsagewa sai ga shi ya sulalo ta ɓular, hanci a ƙasa. Fiffikensa ya daki gawo ya ɓalle, ya sare makaɗinmu Ɗanjuma a ƙugu. Da gangarsa a kafaɗa muka tattara gawarsa.

Na biyu. Wuta ta tashi, matuƙin yana ciki yana ihu. Mu dai a saninmu ruwa ake zuba wa wuta. Habu ya sungumi tulun 'yan gayya ya sheƙa, man jirgin da ke ci da wuta ya bi ruwan ya dawo masa a ƙafafu. Da na kama shi, fatarsa ta saɓule a hannuna. Ba wanda ya taɓa gaya mana ƙasa ake watsawa. Duk da haka mun jawo matuƙin da ransa.

Na uku. A asibiti matuƙin da kansa ya gaya mini bai koyi tuƙi da na'ura ba, da ido yake bin titi da garuruwa. Wai ya hau saman gajimare yana hango ƙasa ta inda ya tsage, sai gajimaren ya haɗe masa, mai kuma yana ƙarewa. Ranka ya daɗe, duk wanda ya dubi gabas ran nan ya san zai haɗe.

Yanzu zamanin shari'a ne. Wanda ya saki dabbarsa ta yi ɓarna, alƙali na kiransa. Wanda ya saki jirgi a kan mutane fa?

Na yi haƙuri, ban kai ƙara ba. Amma damina ta dawo, shekaranjiya mun sake jin irin wannan kewayen. Habu, da ba ya iya tsayuwa, ya ja ciki ya shige ƙarƙashin rumbu. Samarinmu sun rantse wanda ya sake faɗowa za su bar wuta ta cinye shi. Ina ta ba su baki, bakin nawa ya kusa ƙarewa.

Roƙona, a hana mai tuƙi da ido hawa saman gajimare. A turo wanda zai koya mana kashe wutar jirgi. A kuma zo a ga Habu da marayun Ɗanjuma.

Allah Ya ba ka ikon riƙe amana, Ya tsare na sama da na ƙasa.

Wassalam, daga ƙanin Habu,
Lawal