Misalin da Ya Taso Gwaggo daga Gona

Litinin, 23 ga Yuni, 2025

Yau Malam Hafizu ya raba aiki a cibiyar koyon kwamfuta. Manhaja muke haɗawa wadda za ta riƙa aika wa manoma saƙo a waya. Kowa ya samu ɓangaren da zai gina, ban da ni. Ya ce, "Batula, ke tunda ba kya magana, sai ki yi rubutu." Aka yi dariya. Ni ce ƙarama, ni kaɗai ce iyakata firamare. Zan rubuta bayanin abin da Afra'u 'yar ajinmu ta gina, don masu amfani da shi. Wato ita ta dafa, ni in wanke tukunya.

Laraba, 25 ga Yuni

Abin na Afra'u kilas ake ce masa, wato wani guntu na manhajar, ta sa masa suna Rariya. Ana ba shi rejeks, wato 'yan alamomi masu faɗin siffar abin da ake nema. Namu yana cewa: sifili, sai bakwai ko takwas ko tara, sai lambobi tara. Sai ya tankaɗe rubutu ya fitar da lambar waya.

Aiki uku yake yi, kowane da sunansa. Dace yana faɗin ko rubutun duka lamba ce. Nemo yana tsayawa a ta farko. Kwaso yana ɗebo duka. Na tambayi Afra'u me nemo yake yi idan bai samu komai ba. Ba ta ko ɗago ba. "Ki gwada mana, ƙanwata. Ba wanda zai karanta ai."

Alhamis, 26 ga Yuni

Na gwada. Ba ya kawo komai, ba ya kuma magana. Kamar ni.

Litinin, 30 ga Yuni

Malam ya duba. Ya ce bayani ba misali kamar miya ce ba gishiri, in sa lambar da take aiki. Ba ni da waya. Lamba ɗaya na haddace, ta Gwaggo Kellu, yayar Baba da ke Gafasa, don ni ake aika in kira ta a wayar makwabta. Ita na sa. Na zaci "mai aiki" yana nufin ta gaske. Na so in tambaya, bakin ya ƙi buɗuwa.

Ya karanta ya ce, "To, ba laifi." Shi ke nan. Na Afra'u har tafi aka yi masa.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ban san ta ina zan fara ba.

Jiya masu ɓangaren aika saƙo suka yi gwaji. Suka kwafi misalina yadda yake, kowa a kwamfutarsa. Saƙon gwajin yana cewa takin zamani ya iso, a zo cibiya a Gaya a karɓa. Ya shiga wayar Gwaggo, ya sake shiga, ya sake. Jikanta ya karanta mata. Ta ce abin da aka maimaita haka ba ƙarya ba ne.

Da hantsi sai ga ta a ƙofar cibiya da matan unguwarsu, kowace da buhu a naɗe. Sun bar noman gero, ga ƙasa ta jiƙu. Na hango ta ta taga, na sunkuya bayan kwamfuta.

Malam ya ba su haƙuri. Da aka bi sawu sai ya ce a gaban kowa, "Wa yake sa lambar mutum a misali?" Shi da ya karanta ya ce ba laifi. Waɗanda suka danna aikawa ba wanda ya tambaye su. Na ɗago daga bayan kwamfutar. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke ce, 'yar ƙanena Goni?" Ta juya.

Juma'a, 4 ga Yuli

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce Yaya Kellu ta ji kunya a gaban matan da ta taso. In ba ta yafe da bakinta ba, na gama zuwa cibiya. Inna ta ce da ma kwamfuta ba ta ba kowa tuwo ba.

Su Afra'u suna can, ba abin da ya same su.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na je Gafasa. Na same ta a gona, na gaishe ta, ta miƙo min fartanya. Har azahar ba ta kula ni ba. Hannuna ya yi kanta.

A gindin marke ta ce in faɗa mata abin da na rubuta. Na yi ta in'ina. Ta ce, "Ɗaga murya, ba kuturu nake aure ba balle ki rage." Ban gane ba, na dai ɗaga. Na ce rariya ce ta lambobi, ni kuma na rubuta yadda ake riƙe ta.

"Duk yaran nan, abin da kika rubuta suka bi? Har masu sakandaren?"

Na ce e.

"Ke da ko sallamarki ba a ji, kin tashi unguwa guda daga gona." Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta yafe, amma duk Lahadi ina nan har a gama noman nan, kuma sai na bi matan gida gida na yi musu bayani da bakina.

Na bi. Wata ta ce sai kwamfutar ta biya ta kuɗin mashin da ta kashe.

Litinin, 7 ga Yuli

Na koma cibiya, ban jira Malam ba. Na cire lambar Gwaggo, na sa guntun rubutun da ba zai shiga wayar kowa ba. A saman shafin na rubuta: kada a gwada da lambar mutum. Na ƙara cewa nemo yana yin shiru idan bai samu ba, a duba kafin a wuce.

Afra'u ta canja wani abu a kwaso ba ta gaya min ba. Na ce, "Yaya Afra'u, in kin taɓa ki sanar da ni, ana karantawa." Ashe da ƙarfi na faɗa. Har na bayan aji suka waiwayo.

Ba wai ina son aikin ba ne. Kawai akwai jimla ɗaya a bayanin dace da ba ta zauna ba, gobe zan je da wuri.