Injin da Ya Kai Ƙarata

Magarya, daren Laraba

Yau inji ya kai ƙarata. Da muka kawo matata Hadiza asibiti daga Dungas, jini na zuba bayan haihuwa, sai suka haɗa ta da na'urar ƙarin ruwa mai auna jikinta, ta ƙara ko ta rage da kanta. Na ga ɗigon na tafiya kamar tsohon jaki. Ni kuwa gwanin ban-ruwan albasa, mai lakwal, bokon da bai wuce aji huɗu ba, na shiga danna maɓalli don ta sha ta ƙoshi.

Abin ya hau kuka. Majo, babban nas, ya shigo da gudu.

"Malam Sani, matarka ba fadama ba ce. Ruwa ya yi yawa, huhunta zai cika. Fita waje."

Ga ni a baranda, ni da sauro. Na yi barkwanci biyu, ba wanda ya dara. Dama ita ce mai yi mini dariya, ko ba daɗi. Ta taga ina hango koren hasken injin, yana gadinta a inda ya kamata in zauna.

Leda biyu ta jini suka sa mata, an ce dangi su mayar. Dangin kuwa ni kaɗai ne a nan. Ni da ba na iya kallon yankan kaza, gobe da safe zan miƙa hannu. Allah ya sa ta farka, ko da za a gaya mata na suma.