Karfasar Nabor ta cinye abincin jariran aholotena

Doña Otilia,

"Komadre, muddin ina numfashi yaran nan ba za su kwana da yunwa ba. Ke dai ajiye bokiti a bakin ƙofa." Haka Nabor ya ce min ranar da aholoten da mijina ya bari, 'yar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, ta zuba ƙwai. Bokitin na nan a bakin ƙofa, ya bushe ƙayau. Nabor kuwa yana numfashi lafiya lau, jiya ma na jiyo shi yana waƙa a kwalekwale. Don Allah ki agaza min.

Fara karɓar godiyata tukuna. Ba don abin da kika rubuta a filin nan naki na jarida kan sanyin ruwa ba, da ƙwan nan bai ƙyanƙyashe ba. Mijina marigayi Chencho ne mai kiwonsu, ni adabi na koyar, amma na yi alkawarin zuriyarsu ba za ta ƙare a hannuna ba.

Jariran na nan na zuba su a kwalabe, amma ba sa kallon abin da ba ya motsi. Nabor na da kududdufi a gonarsa ta kan ruwa, cike da mitsi-mitsin ƙwarin nan, ƙumar ruwa, ita yake ɗebo min kowace safiya. To bana shi ke ɗauke da bikin waliyyin unguwarmu. Sai ya kamo karfasa da ranta ya zuba a kududdufin, wai kada ta lalace kafin a gasa ta a ɓawon masara. Karfasa fa, kifin da ya ƙarar da aholoten ruwayenmu na Xochimilco. Ta lashe ƙumar tas. Da na yi magana ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi ban san tana da ci haka ba, komadre."

Na gwada gwaiduwar ƙwai, ruwa ya yi wari. Yau na tarar da wasu babu ƙafa, 'yan'uwansu sun fara gutsurarsu.

Abin da ke riƙe min harshe, mutumin nan shi ya riƙe 'yata a baftisma, shi ya sa yake ce min komadre, kuma kwalekwalensa ya ɗauki gawar Chencho, bai bar kowa ya karɓi sandar tuƙi ba. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma na aika masa cewa in Asabar ta yi bokitin na bushe, Lahadi zan jera kwalabensu a teburin biki, kusa da karfasar, kowa ya gani.

Mai Kwalabe

'Yar'uwa,

Cikin jarirai bai san Asabar ba. Yau ki raba su, manya daban, ƙanana daban, masu rauni kowa da kwanonsa. Ƙafa za ta sake tsiro musu. Ki je wajen masu sayar da kifin ado ki nemi busasshen ƙwan jatan lande na ruwan gishiri. Ki zuba a kwalba da ruwan gishiri, ki sa bututun iska. Gobe ko jibi zai ƙyanƙyashe. Ki tace, ki ɗauraye da ruwa mai daɗi kafin ki ba su. Kafin nan, manyan cikinsu ki yayyanka musu jar tsutsa, ki kama da matsefata ki riƙa kaɗa ta a gaban bakinsu. Gwaiduwa ki bar ta.

Nabor ya yi wauta, fushinki na kan hanya. Sai dai mai ɗauke da biki kansa ba ya tare da shi, kuma rai da yawa haka bai kamata a rataya shi a kududdufi ɗaya ba. Ki ce ya kafa miki durom na ƙuma a tsakar gidanki bayan biki. Mutumin da ya tuƙa gawar mijinki zai so a ba shi hanyar gyara.

Kwalaben kuwa su zauna a gida. Zafin teburin nan zai kashe su tun kafin kunya ta kama Nabor. Allah ya raya miki su, ya jiƙan Chencho.

Otilia